Ina Masu Dogon Karatu Suke Dosa Bayan Jami'a?

Karatun gaba da digiri shi ne wanda mutum yake komawa jami'a ya yi bayan ya karɓi digirinsa na farko, a Nijeriya kuma galibi bayan ya gama shekarar bautar ƙasa. Hawa uku ne. Akwai babbar difloma ta shekara guda, wadda ake yi don sauya fanni ko don cike giɓin sakamakon da bai kai ba. Akwai digiri na biyu, mai cin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a takarda. Sai digiri na uku, wanda aka laƙaba wa digirin digirgir, wanda ba ya kasa shekara uku, kuma shi ne yake sa a riƙa ce wa mutum Dakta. A garuruwa irin Amarawa, da ke dab da Illela a bakin iyakar Jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, wannan suna yakan jawo ruɗani. A kunnen mutanen gari Dakta likita ne, don haka ba abin mamaki ba ne a kawo yaro mai zazzaɓi ƙofar gidan wanda ya yi digiri na uku a kan nahawu ko tarihi.

Zuciyar wannan karatu ita ce kundin bincike. Ɗalibi yakan zaɓi matsala guda, sashe ya haɗa shi da malami mai duba aiki, ya gabatar da tsarin bincikensa a gaban malamai, ya fita tattara bayanai, ya zauna ya rubuta. Daga ƙarshe a gayyato malami daga wata jami'a ya zo ya titsiye shi da tambayoyi baki da baki. Wannan zama shi ake kira kare kundi. Ga ɗan Amarawa, wuri mafi kusa da ake wannan karatu shi ne Sakkwato, tafiyar kilomita 80 da ɗoriya ta Gwadabawa da Kware, inda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take. Da yawa daga masu shiga magidanta ne: malaman sakandare, ma'aikatan ƙananan hukumomi, jami'an kwastan da na shige da fice, masu haɗa aiki da iyali da karatu. Shi ya sa shekara biyun takarda takan koma huɗu. Ɗalibai sun yi wa mai duba aiki yawa, kuɗin tattara bayanai daga aljihun ɗalibi yake fita, yajin aikin malaman jami'a kuma yakan tsayar da komai cak. Na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas.

Dogon karatu kansa tsoho ne a ƙasar Sakkwato. Tun zamanin Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, almajiri yakan sauke littafi a gaban malami ya karɓi ijaza, wadda take jera sunayen malaman da ilimin ya biyo ta hannunsu. Digiri na uku na boko kuwa sai bayan samun 'yancin kai aka fara bayar da shi a Nijeriya, kuma ɗaya daga cikin kundayen farko da Jami'ar Ibadan ta amince da su, a 1964, a kan Sakkwato aka rubuta shi. Marubucinsa Bature ne ɗan Ingila, Murray Last, wanda ya zauna a Sakkwato yana nazarin takardun Larabci a hannun Waziri Junaidu. Kundin ya fito littafi a 1967. Daga nan marubucin ya koma ƙasar Malumfashi yana nazarin magungunan Maguzawa, ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya ƙare aikinsa yana farfesa a Landan. Shi kuwa Waziri Junaidu, wanda bai zauna ajin jami'a ba, Jami'ar Ahmadu Bello ce ta ba shi digirin girmamawa. Abu biyu ne daban da ake yawan gwamutsawa: digirin girmamawa kyauta ce ta yabo, ba a rubuta masa kundi, ba a kare shi a gaban kowa. A kan Waziri rigar ta sami mai ita. Ba kowa da aka rataya wa irinta za a faɗa wa haka ba.

'Yan Arewa na sahun farko da suka yi wannan karatu sun fito ne a lokacin da ake nemansu ruwa a jallo. A Zariya, ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, Yusufu Bala Usman ya kare kundinsa a kan tarihin Katsina a 1974. Ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Balarabe Musa, ya koma Zariya ya ci gaba da koyarwa da jayayya da masu mulki, can kuma ya rasu a 2005. Mahdi Adamu ya yi nasa a Birmingham ta Ingila, a kan yadda fatake da malamai da masu sana'a Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma, aikin da ya fito littafi a 1978. A daidai wannan tsakani aka kafa Jami'ar Sakkwato, a 1975, ta fara karatu a 1977 da ɗalibai 93 kacal, aka sauya mata suna zuwa na Shehu a 1988. Shugabanta na farko shi ne Shehu Galadanci, masanin Larabci, wanda daga baya ya zama jakadan Nijeriya a Saudiyya. Mahdi Adamu ne ya gaje shi. Jami'o'i bakwai gwamnatin tarayya ta kafa a 1975 ɗin, ga kujeru birjik, ga masu hawa 'yan kaɗan. Wanda ya dawo da digiri na uku a lokacin yakan tarar da gida da mota da ofis suna jiransa. Har yau da wannan ma'auni iyaye da yawa suke auna ɗansu, alhali kasuwar ta daɗe da sauyawa.

Hanyar da aka gina wannan karatu dominta ita ce koyarwa da bincike, kuma har yanzu ita ce take ɗibar mafi yawan masu digiri na uku. A kewayen Sakkwato, ban da Jami'ar Ɗanfodiyo, akwai jami'ar jiha, da kwalejin kimiyya da fasaha mai sunan Umaru Ali Shinkafi, da makarantar horon malamai mai sunan Shehu Shagari, da kwalejin aikin lafiya ta Gwadabawa, wadda duk mai zuwa birni daga Illela yake ratsa garinta. Tsanin jami'a matakala bakwai ne, daga mataimakin malami mai digiri ɗaya har zuwa farfesa. Mai digiri na uku a mataki na uku yake farawa, wanda ba shi da shi kuwa da wuya ya wuce na huɗu, kome daɗewarsa a aji. Tsakanin mataki da mataki akan ɗauki aƙalla shekara uku. Abin da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma shi ne maƙalun da malami ya buga a mujallun ilimi, kuma kafin a naɗa shi farfesa sai an tura ayyukansa ga wasu farfesoshi na waje sun auna. Tsarin yana da hikima, don yana hana malami ya kwanta a kan tsohon karatunsa. Yana kuma da illa. Ya haifar da mujallun biya-a-buga, da maƙalu masu sunaye biyar waɗanda mutum guda ya rubuta, da malaman da ɗalibi ba ya gani sai ranar jarrabawa.

Kuɗin da ya kai da yawa daga cikin malaman yau ga digiri na biyu da na uku daga asusun TETFund ya fito. Tushensa yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta ƙulla da gwamnati a 1992, wadda ta kai ga dokar 1993 da ta ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin ɗari na ribarsu domin ilimi. A 2011 aka taƙaita asusun ga manyan makarantu. Sharaɗinsa biyu ne suka fi shafar makomar mutum. Na farko, sai wanda ya riga ya zama ma'aikacin babbar makarantar gwamnati ake ba; malamin sakandare a Amarawa, kome hazaƙarsa, ba ya ciki. Na biyu, wanda aka ɗauki nauyinsa yakan sa hannu cewa zai dawo ya yi wa makarantarsa aiki na wasu shekaru. Malesiya da Ingila da Indiya da Masar sun karɓi ɗimbin waɗannan malamai. Daga farkon 2025 asusun ya dakatar da tura sababbi ƙasashen waje, yana mai kafa hujja da faɗuwar darajar naira da kuma waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa.

Akwai darasi a tarihin masu nazarin Hausa, domin sun nuna cewa abin da ke ƙofar gida ma yana kai mutum nesa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, a kan Mamman Shata da matsayin mawaƙi a cikin al'umma. Ya zama shugaban Jami'ar Bayero, ya kuma yi jakada a Libiya. A Sakkwato, Aliyu Muhammad Bunza ya gina aikinsa a kan magungunan gargajiya da al'adun Hausawa har ya zama farfesa. Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i su ne kuma inda ake rubuta kundi da Hausa.

Daga aji, wasu sukan tsallaka zuwa riƙon al'amuran jama'a, kuma su ne aka fi jin sunayensu. Tijjani Muhammad-Bande, haifaffen Zagga a Jihar Kebbi, ya yi digiri na farko a Zariya, na biyu a Boston, na uku a Toronto ta Kanada a 1987. Ya koyar da kimiyyar siyasa a Sakkwato, ya shugabanci Jami'ar Ɗanfodiyo daga 2004 zuwa 2009, ya riƙe cibiyar nazarin manufofi ta Kuru, ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci babban zaurenta daga 2019 zuwa 2020. Attahiru Jega ya kare kundinsa a Amurka a 1985, a kan abin da aikin noman rani na Bakolori ya yi wa manoma, a lokacin Bakolori tana cikin Jihar Sakkwato. Shi ne yake shugabancin ASUU lokacin yarjejeniyar 1992, ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, sannan ya koma aji. Umaru Musa 'Yar'aduwa digiri na biyu ya yi a ilimin sinadarai a Zariya, ya koyar, ya shiga harkar gona a Funtuwa, kafin ya zama gwamnan Katsina, sannan shugaban ƙasa. Abin lura shi ne duk ukun sun fara ne da shekaru na riƙe alli. Kuma su ɗaiɗaiku ne. A bayan kowane guda akwai ɗaruruwan da suka yi karatu iri ɗaya, suka yi ritaya ba a taɓa ambaton sunansu a rediyo ba.

Tsallaken iyaka, a Birnin Ƙonni da abin da ya yi arewa, Hausa ɗaya ake yi amma tsarin boko na Faransa ne: lisans, masta, doktora. Ƙarin girman malaman jami'a kuma ba jami'ar kaɗai take yanke shi ba, sai ya bi ta hukumar CAMES, wadda ƙasashe masu amfani da Faransanci suka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi babban digirinsa na kimiyyar fiziks a Faris, ya dawo ya duƙufa kan sarrafa hasken rana, ya riƙe hukumar da Nijar ta kafa don haka, ya kuma shugabanci Jami'ar Yamai. Ɗan Dikko Ɗankulodo na Maraɗi masanin sinadarai ne da ya zama ministan ilimi. Djibo Hamani ya rubuta tarihin ƙasar Adar, maƙwabciyar Ƙonni ta arewa, kafin zuwan Turawa. Mahamadou Issoufou injiniyan ma'adinai ne da ya yi karatu a Faransa, ya yi aiki a kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit kafin siyasa ta kai shi shugabancin ƙasa daga 2011 zuwa 2021. Ana yawan cewa ɗan Illela ne, kuma gaskiya ne, sai dai Illelar jihar Tawa ce, ba ta Sakkwato ba, garinsu Ɗandaji. 'Yan Nijar da dama sukan sauko Sakkwato da Kano da Zariya yin digiri na biyu da na uku, musamman a Larabci da addinin Musulunci da Hausa da Turanci. Idan sun koma sai an tantance takardar an daidaita ta da ta gida kafin ta yi musu aiki. 'Yan Nijeriya masu haurawa Yamai kaɗan ne, kuma Faransanci ne shingen.

Bayan koyarwa, aikin gwamnati shi ne gida na biyu, nan kuma ake yawan cizon yatsa. A tsarin ma'aikata, mai digiri na farko yakan fara a mataki na 8, mai na biyu a na 9, mai na uku a na 10. Ratar ke nan, kuma wanda ya shiga aiki da wuri yakan cike ta da ƙarin girma tun abokinsa yana fama da babi na uku. Wanda ya yi digirin yana cikin aiki kuwa, takardar ba ta ɗaga shi kai tsaye, balle idan bai nemi izinin tafiya karatu a rubuce ba. Darakta da babban sakatare da jarrabawar ƙarin girma da yawan shekaru ake kaiwa gare su. Ga kuma dokar ritaya: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga. Mai dogon karatu da ya shiga yana da shekara 35 ba zai wuce 25 a ofis ba. Duk da haka digiri na biyu a fannin mulki ko kasuwanci ya zama ruwan dare a ma'aikatu, saboda idan kujera guda ce masu nema goma, takardar takan raba gardama. A ƙananan hukumomi irin Illela, matsalar ta wani gefen ce: wanda ya ƙaro ilimi yakan nemi canjin wurin aiki zuwa Sakkwato ko Abuja, domin babu kujerar da za ta ɗauki abin da ya koyo.

Ƙungiyoyin agaji da hukumomin ƙasa da ƙasa sun buɗe wata ƙofa, musamman ga masu digiri na biyu a lafiyar al'umma, abinci mai gina jiki, ƙididdiga da ilimi. Yaƙi da shan inna da tamowa a jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara, da kuma yankunan Tawa da Maraɗi, ya ɗauki da yawansu. Albashin ya fi na gwamnati nesa, amma aikin kwantiragi ne, yana ƙarewa ranar da kuɗin mai bayarwa ya ƙare. Wasu sun yi waje. Wannan ƙaura ta fara ƙarfi ne bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da albashin malami ya zube, likitoci da malamai suka nufi Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa. Yau Ingila da Kanada da Amurka sun shiga sahu. Akwai kuma waɗanda takardar ba ta buɗe wa ko taga ba. A 2012 kamfanin Ɗangote ya nemi direbobin manyan motoci masu digiri, kuma shugaban kamfanin ya bayyana cewa cikin kimanin mutum 13,000 da suka nema, 704 suna da digiri na biyu, 6 suna da na uku. Dalilin a fili yake. Mutane da yawa sukan koma jami'a ne don zaman jiran aiki ya ishe su, ba don wata tambaya ta hana su barci ba, kuma digiri na biyu da aka yi a haka ba ya ƙirƙiro gurbin da babu shi. A gari mai kasuwa kamar Illela, irin waɗannan sukan ƙare a sana'ar gidansu: hatsi, albasa, dabbobi, canjin naira da sefa. Wasu cikinsu sun fi abokansu malamai samu, ko da yake ba kasafai suke yarda a faɗa ba.

Mata sukan shiga wannan karatu a makare, bayan aure da goyo, kuma nisan Sakkwato daga ƙauye ya fi yi musu nauyi, tunda ba kowane gida ne zai bar matar aure ta kwana biyu a birni don ganin mai duba aiki ba. Waɗanda suka jure sun yi nisa. Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta Ringim ta yi digiri na uku a Amurka a 1991, ta yi kwamishina a Jigawa, ta yi ministar ilimi daga 2010 zuwa 2013, ta koma koyarwa a Jami'ar Bayero. A Sakkwato, Farfesa Sa'adiya Omar ta yi rubutu a kan 'Yan Taru, tsarin da Nana Asma'u ta kafa na tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka su karantar da mata a gidajensu.

Tsarin na Nana Asma'u ya taɓo inda gizo yake saƙa, wato abin da yake komawa ƙauye. Yankin Illela ma'adanar tambayoyi ce ga mai bincike. Ga kasuwar dabbobi ta ranar Lahadi, inda shanu da raƙuma da tumaki suke shigowa daga Nijar, tare da cututtukan da ba su san iyaka ba, irin ciwon huhun shanu. Ga albasa, wadda irin Galmi, gabas da Ƙonni, ya yi suna a Afirka ta Yamma, wadda kuma wani kaso nata yake ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi. Ga tafkin Kalmalo da ja da bayan ruwansa. Ga jar akuyar Sakkwato da Maraɗi mai fatar da ake nema a duniya. Ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, da abin da suka yi wa 'yan dako da direbobi da mata masu ƙananan sana'o'i. Ga iyakar kanta, wadda Ingila da Faransa suka ja suka sake ja tsakanin 1898 da 1906, ta raba dangi gida biyu. Ɗaliban tattalin arziki da aikin gona da likitancin dabbobi da tarihi sukan zo irin waɗannan wurare da takardun tambayoyi, su gaida hakimi, su zauna da sarkin kasuwa da dillalai, a ba su lokaci da bayani kyauta.

Abin da yake biyo baya sananne ne. A rubuta kundi da Turanci, a ɗaure shi da baƙin bango ko shuɗi, a kai kwafi sashe, kwafi laburare, kwafi makarantar gaba da digiri. Babin ƙarshe yakan ƙunshi shawarwari ga gwamnati, wadda ba a aika wa ba. Dillalin da ya ba da amsa ba zai taɓa jin me aka gano ba, kuma tsanin ƙarin girma bai tanadi wani maki na kirki ga malamin da ya koma ya yi wa manoma bayani da Hausa ba. Ba laifin mutum guda ba ne, haka aka gina abin. Inda aka sami gada kuwa, amfani ya bayyana. Irin geron da manoma suke kira sosat, mai saurin nuna, masu bincike na ƙasar Mali da cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT ne suka fitar da shi, ya bi ta hannun cibiyoyin bincike da malaman gona har ya isa gonakin Arewa da na Nijar. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da ire-iren wake da dawa da masara, maƙwabciyarta mai kula da wayar da kan manoma kuma ta daɗe tana juya sakamakon zuwa Hausa a ƙasidu da shirye-shiryen rediyo. A duk waɗannan akwai wani mai digiri na biyu ko na uku da ya yarda ya tsaya tsakanin ɗakin gwaji da kunyar gona, aikin da ba shi da suna sosai. Raguwar malaman gona a ƙananan hukumomi ta sa gadar ta ƙara sirancewa.

Ƙarshen aiki ya bambanta da inda aka yi shi. Tun dokar 2012 farfesa sai ya kai shekara 70 yake ritaya, sauran malaman jami'a 65. Da yawa ba sa zama: sababbin jami'o'in jihohi da masu zaman kansu suna neman farfesoshi don a amince da kwasa-kwasansu, sai su ɗauke su kwantiragi. 'Yan kaɗan jami'arsu takan bar wa ofis da laƙabi har ƙarshen rai, su ci gaba da duba ɗalibai. Fansho kuwa, tun gyaran 2004, ya koma na adashi, abin da aka tara daga albashi shi ake ci, kuma hauhawar farashi takan cinye shi da sauri. Shi ya sa gona da kiwo da makaranta mai zaman kanta suka zama abin da malamai suke tanada tun suna kan aiki. Sarauta takan kira wasu gida. Muhammad Zayyanu Abdullahi ya shugabanci Jami'ar Ɗanfodiyo kafin ya zama Sarkin Yawuri a 1999, Farfesa Sambo Wali Junaidu kuma daga koyar da Larabci a jami'ar ya zama Wazirin Sakkwato, kujerar gidansu. Masu Larabci da addini, ciki har da waɗanda suka yi karatu a Madina da Azhar da Khartum, sukan ƙare da limanci da karatun zaure tsakanin magariba da lisha. Akwai ma masu yin abin a juye, su koma aji bayan sun gama komai: Olusegun Obasanjo ya karɓi digiri na uku daga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 2018, yana da shekara 80.

Bayan rasuwa, abu biyu mai dogon karatu yakan bari, suna da takardu. Nijar ta fi riƙe sunayen: Jami'ar Yamai tana amsa sunan Abdou Moumouni tun 1992, ta Maraɗi sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ta Tawa kuma, wadda aka kafa a 2010, sunan Djibo Hamani. Takardu kuwa sun dogara ga magada. Wasu iyalai sukan miƙa littattafan mamaci ga laburaren jami'arsa, ko ga Gidan Arewa na Kaduna, wanda Abdullahi Smith ya assasa a 1970, ko ga cibiyar tarihi da al'adu mai sunan Waziri Junaidu a Sakkwato. Wasu sukan sa su cikin gado a raba kamar sauran kaya, juzu'i na ɗaya ya tafi ɗakin wannan, na biyu ɗakin waccan. Kaset-kaset na hirarrakin da aka yi da tsofaffin da suka ga zuwan Turawa, da littattafan rubutun hannu na lokacin tattara bayanai, su ne suka fi saurin salwanta, domin masu rabon gado ba sa yi musu kuɗi, gara da zafin ɗaki kuma ba sa jira.